Yadda Malama Huraira Ta Koya wa Hannu Kafa Hujja

In ka bi ta Unguwar Gano ranar Asabar da hantsi, akwai wani gareji mai koren ƙyaure da za ka tarar a buɗe, cike da samari da 'yanmata a kan benci. Gardama ake yi mai zafi, amma ba abin da za ka ji sai kukan fanka da ƙarar adaidaita sahu masu wucewa. Hannuwa ne kawai ke kai da kawowa, da gira, da kafaɗa. Matar da ke tsaye a gaban allo, gajera mai tabarau, garin alli duk ya ɓata mata bakin mayafi, ita ce Malama Huraira Bello. Kurma ce, ɗalibanta ma kurame ne, abin da suke jayayya a kai kuwa lissafi ne.

Ba da kurumta aka haife ta ba. A Gyaɗi-Gyaɗi ta tashi, ita ce ta uku a gidan Malam Bello, ma'aikacin ofishin filaye, da matarsa Inna Lami mai ɗinkin keke. Tun tana ƙarama an san ta da shegiyar tambaya. In an ce mata ba a zama a kan turmi, sai ta ce me ya sa. In an ce haka aka tarar, sai ta ce to wa ya fara. Inna Lami takan riƙe haɓa ta ce, "Wannan yarinya, ko lauya albarka."

Tana aji huɗu a sakandare aka yi annobar sanƙarau ta 1996, ta kuwa faɗa ciki. Ta jima a asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Ranar da ta farfaɗo sai ta ga Inna tsaye a kanta, baki yana motsi, hawaye yana zuba, amma ba sauti. Ta ce, "Inna, ɗaga murya mana." Sai ta lura ita ma ba ta ji abin da ta faɗa ba.

Malam Bello bai bar ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba. Likitocin Kano, na Zariya, rubutun sha, tofi, man da ake ɗigawa a kunne. Daga ƙarshe wani likita ya gaya masa gaskiya, jijiyar ji ta mutu, sai dai haƙuri. Ya karɓi ƙaddara, amma abu ɗaya ya ƙi: ba zai yi wa 'yarsa magana da hannu ba. A ganinsa yin haka tamkar ya sallama ta ne. Ya riƙa yawo da biro da guntun takarda a aljihu, duk abin da zai gaya mata sai ya rubuta.

Da ta koma makaranta, darussa suka zame mata kamar kallon talabijin da aka kashe wa murya. Malamin tarihi zai yi ta zagaye aji yana magana, ita dai ƙeyarsa take gani. Lissafi ne kaɗai bai guje ta ba, don shi a kan allo yake zaune. Malaminsu na lissafi, Malam Yusuf, wani dogon Bafulatani marar son hayaniya, da ya gane halin da take ciki sai ya daina tsallake mataki. Komai ƙanƙantar abu sai ya rubuta, har da dalilin da ya sa aka tashi daga wannan layi zuwa na gaba. Sauran 'yan aji suka yi ta ƙunƙuni wai yana ɓata lokaci. Da sakamako ya fito, ajin nan bai taɓa cin lissafi kamar shekarar ba.

A wancan lokacin Huraira ba ta ɗauki kanta cikin kurame ba. In ta hango su a bakin titin gidan zu suna hira da hannu, sai ta sauya hanya. Wadda ta karya mata wannan girman kai ita ce Saratu, wata mai kitso a layinsu, wadda aka haifa kurma. Wata rana Huraira ta je kitso da takardarta, ta rubuta irin wanda take so. Saratu ba ta iya karatu ba. Ta karɓi takardar, ta juya ta sama da ƙasa, ta goge man kitso da ita, sannan ta kama hannuwan Huraira biyu ta nuna mata yadda ake cewa kitson shuku. Huraira ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata. Kafin a gama kitson nan ta koyi yadda ake cewa ruwa, da uwa, da zafi, da ƙarya. Daga ranar kusan kullum tana gidan Saratu, har maganar hannu ta zauna mata.

Ta samu jami'a, ta karanta lissafi. Wahalar da ta sha a can ita kaɗai ta sani: zama a layin gaba tana bin bakin malami da ido, aron littafin ƙawaye, jarrabawar da aka sauya wa ɗaki da baki ba wanda ya tuna ya gaya mata. A shekara ta biyu aka koyar da su manɗiƙi, wato ilimin da ke auna magana a ga ko hujjarta ta tsaya ko kuwa rami ne aka rufe da tabarma. Nan ta ga abin da take nema tun tana tambayar me ya sa ba a zama a kan turmi. Ga wani harshe da ba ruwansa da murya, mai ji da kurma duk ɗaya suke a gabansa. Ta kama shi hannu bibbiyu, ta fita da sakamako mai kyau, aka ɗauke ta koyarwa a wata makarantar kurame.

Can ta ci karo da bango. Yaran suna da kai, sun iya tarawa da ɗebewa da ninkawa, wasu ma sun fi ta sauri. Amma da zarar tambaya ta zo da "idan", ko "duk", ko "sai dai in", sai su rikice. Shekararta ta farko ba ɗalibi ko ɗaya da ya ci lissafi a jarrabawar fita. Ta biyu ma haka.

Shugaban makarantar, dattijo ne mai kirki da ya gaji da sa rai, ya kira ta ofis ya rubuta mata: "Malama, kada ki kashe kanki. Ki ba su abin da zai ishe su ɗinki da kafinta. Wancan lissafin na masu ji ne."

Ta karanta, ta karɓi biron ta rubuta a ƙasa: "Ranka ya daɗe, ni ma ba na ji."

Ta koma gida ta yi ta juya maganar. Abin da ta gano shi ne, laifin ba na kan yaran ba ne. Kalmomin da hujja ke tafiya a kansu ne ba su da tsayayyar alama a aji, kowane malami da yadda yake kwatantawa, wani ma tsallake su yake yi. Sai ta zauna ta ƙirƙiro alamu da kanta. Ta ɗauki harafin farko na kowace kalmar Turanci, ta ba shi motsi, ta kai wa yara. Suka haddace tsaf, suna yi mata kamar masu fareti, amma in ta yi tambaya sai su kalli juna.

Ta kai kukanta wurin Saratu, ta nuna mata alamun. Saratu ta kalla har ƙarshe, ta taɓe baki, ta ce da hannu, "Wannan ba magana ba ce, motsa jiki ne. Hannunki yana aiki, fuskarki ta mutu. Ke fa har yanzu mai ji ce a zuci."

Maganar ta yi wa Huraira ciwo, har ta ɗauke ƙafa daga gidan na wani lokaci. Bikin sunan jikar wata maƙwabciya ne ya sake haɗa su. Ana tsakiyar hidima, Saratu ta ɗora wa 'yarta bokitin zoɓo ta kai wa baƙi, ta kuma yi mata kashedi. Huraira tana gefe tana kallo. Ta ga Saratu ta ɗage gira, ta karkata hagu ta kwatanta zoɓo yana zubewa. Sannan ta sauke gira, ta karkata dama ta kwatanta mari. Tsakanin biyun kuma hannunta ya zarce daga hagu zuwa dama kamar mai tura ƙwarya.

Huraira ta yi wuf ta riƙe ta. "Sake!"

"In sake me? Faɗan?"

"Sake dai, Yaya Saratu, don Allah."

Saratu ta sake, yarinya tana tsaye da bokiti a ka tana mamakin me ta yi da za a yi mata kashedi sau biyu. Huraira kuwa ta kafe Saratu da ido. Abin da ta kwana biyu tana nema a littattafai ga shi a tsakar gida: in kika zubar, za ki sha mari. "Idan" yana cikin gira. Sharaɗi yana hagu, sakamako yana dama. Kurame sun daɗe da abinsu, ba a dai taɓa shigar da shi aji an ɗora masa nauyin lissafi ba.

Wannan ɗorawar ita ce aikinta, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Maganar tsakar gida tana da sassauci, lissafi kuwa ba ya yarda da kusan haka. Ta watsar da alamun haruffa, ta raba sararin da ke gabanta gida biyu, ta fara gina jimloli a ciki. Yara suka kama "idan" a take. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo. Wata rana cikin bazara ta ce musu, "In an yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe. To ga ƙasa a jiƙe. An yi ruwa?" Aji gaba ɗaya ya ce ƙwarai.

Ta yafito su suka bi ta zuwa bakin ƙofar makaranta. Wani mai garuwa ya tsaya da kurarsa a gindin darbejiya yana hutawa, jarka ɗaya tana yoyo, ƙasan wurin ya jiƙe sharkaf. Ta nuna musu ƙasa, ta nuna musu sama, rana tana dukan kowa ba ko ɗigon gajimare. Ta sake tambaya, "An yi ruwa?"

Suka yi cirko-cirko. Can sai wata yarinya mai suna Hasana, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta matso gaba. Ta tura hannun dama daga hagu zuwa dama yadda aka koya musu, sannan ta yi kamar za ta dawo da shi, sai ta tare shi da tafin hagu, tas. Ta ce, "Zuwa kawai, Malama. Ba dawowa."

Mai garuwa dai ya ga yara sun kewaye kurarsa suna tsalle suna buga hannu a tafi, ya tashi ya ja abarsa ya ƙara gaba. Alamar Hasana ita ce ta zauna har yau. In kuma magana tana zuwa tana dawowa, sai hannu biyu su gitta juna.

Daga nan Malama Huraira ta kafa wa kanta ƙa'ida: ba alamar da za ta shiga darasi sai yara sun yi gardama da ita a wajen aji, ta ga ba ta karye ba. Wasu alamun sun zo da sauƙi, wasu sun ci shekara. Kalmar "ko" ta ba su wuya, don ashe iri biyu ce. Akwai ta mai shayi, in ya ce shayi ko koko, ɗaya za ka zaɓa. Akwai kuma ta asibitin mata, in an ce mai ciki ko mai goyo ta wuce gaba, wadda ta haɗa ciki da goyo ai ba za a mayar da ita baya ba. Suka ba kowace tata alamar. Haka suka bi "duk", da "akwai ko da ɗaya", da "ba haka ba ne", da yadda ake ɗaukar magana a bi ta har ta ci karo da kanta. Duk wadda aka gama, sai an kai wa Saratu ta gani. In ta taɓe baki, a koma.

Cikin waɗannan shekaru ne ta auri Junaid, mai gyaran wutar lantarki a kasuwar Tarauni, shi ma kurma, suka zauna a Unguwar Gano. Allah Ya ba su 'ya'ya uku, duk masu ji, duk kuma da hannu suka fara magana.

Shekarar da su Hasana suka kai ajin ƙarshe, wata ƙungiyar malaman lissafi ta shirya gasa tsakanin makarantun sakandare a wani ɗakin taro a Tarauni. Malama Huraira ta kai sunan makarantarsu. Masu shiryawa suka yi ta kame-kame: da baki ake karanta tambaya, da ƙararrawa ake neman damar amsawa, yaya za a yi? Ta ce tambaya a rubuta a allo kowa ya gani, amsa kuma abokin aikinta Malam Bashir, wanda yake ji kuma ya iya maganar hannu, zai yi tafinta. Batun ƙararrawa kuwa Junaid ya ɗauka. Ya haɗa wa kowane tebur ƙwan fitila da maɓalli, wanda ya riga dannawa tasa ce za ta kama, ta sauran ta ƙi. Alƙalan suka gwada suka ga ta ma fi ƙararrawar raba gardama.

Da aka fara, mutane kallon tausayi suke yi wa teburin kurame. Kafin a je rabi kallon ya sauya. Suka fitar da makaranta ta farko, suka fitar da ta biyu, suka kai zagayen ƙarshe da wata makarantar kuɗi da ta saba ɗaukar kofin. Aka yi ta tafiya kunnen doki har aka zo tambayoyin sauri. Aka rubuta: "Duk lambar da ta rabu da huɗu tana rabuwa da biyu. Wata lamba ta rabu da biyu. Shin dole ne ta rabu da huɗu?"

Fitilar ɗaya teburin ce ta riga kamawa. Wani yaro a teburin, saboda gaggawa, ya ce e. Alƙali ya girgiza kai, ya juyo wurin su Hasana. Hasana ta miƙe tsaye, ta tura hannu daga hagu zuwa dama, ta dawo da shi ya bugi tafin hagu, sannan ta ɗaga yatsu shida.

Malam Bashir ya ce da ƙarfi, "Ta ce ba dole ba ne. Maganar zuwa take yi, ba ta dawowa. Ga shida nan, ta rabu da biyu, ba ta rabu da huɗu ba."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Yaran suna ganin hannuwa suna haɗuwa amma ba sa jin komai, sai Malam Bashir ya juya ya nuna wa jama'a yadda kurame ke tafi: a ɗaga hannu biyu sama a kaɗa su. Layi bayan layi hannuwa suka tashi, malamai, iyaye, alƙalai, har da yaron da ya faɗi tambayar. Da wannan maki suka ɗauki kofin.

Malam Bello yana layin baya. Ya tsufa, ya yi ritaya, da sanda aka kawo shi. Huraira ta hango shi ya jingine sandar a jikin kujera, hannuwansa biyu a sama suna kaɗawa. Da aka tashi ta je ta durƙusa a gabansa. Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko biro kamar yadda ya saba, sai ya fasa. Ya kira Malam Bashir ya ce, "Ɗana, nuna mini yadda ake cewa Allah Ya yi miki albarka." Aka nuna masa. Ya yi a karkace, ya sake har ya daidaita. Huraira ta ce amin da hannu, ta rufe fuska da mayafi.

A shekarar, fiye da rabin ajin suka ci lissafi a jarrabawar fita. Shugaban makaranta da kansa ya zo ajinta ya ce a koya wa sauran malamai alamun. Hasana ta tafi jami'a ta karanta ilimin kwamfuta, yanzu tana aiki a Abuja. Ita kuma Malama Huraira ta koma ta yi digiri na biyu, a kan wannan aikin ta rubuta kundinta, ta kuma kare shi da hannu a gaban malamai, da tafinta a gefe. A shafin godiya sunan Saratu mai kitso ne a farko.

Da manyan wayoyi suka yawaita, babbar 'yarta Safiyyah ta fara ɗaukar ta bidiyo tana bayanin alamun ɗaya bayan ɗaya, ana turawa a zaurukan sada zumunta na kurame. Garejin Asabar kuwa ta buɗe shi ne don waɗanda suka bar makaranta ba su ci lissafi ba, suna so su sake zama jarrabawa. Akwai tela a cikinsu, akwai mai wankin mota, akwai matar aure da ke zuwa da goyo.

Kwanakin baya wani saƙon bidiyo ya shigo wayarta daga Maraɗi. Wani malamin kurame ne da ba ta taɓa gani ba, tsaye da ɗalibansa a gindin bishiya. Ya gaishe ta, ya ce da alamunta suke karatu, amma akwai ɗaya da suka gyara. Alamar "duk", wadda ita take yi da hannu ɗaya tana share sarari, su da hannu biyu suke yi, kamar mai tattara gero a tabarma, wai ta fi nuna ba a bar ko ƙwaya ba. Ya ce ta yafe musu in sun yi karambani.

Ta kalla, ta mayar baya ta sake kallo. Ta tashi tsaye a tsakar gida ta gwada tasu, ta gwada tata. Junaid yana zaune yana cin ɗanwake, ta taɓa masa kafaɗa ta nuna masa duka biyun ba tare da ta gaya masa wacce ce ta wa ba. Ya lashe yatsa ya nuna ta Maraɗi.

Ta yi dariya har tabarau ya zame mata. Ta miƙa wa Safiyyah wayar ta ce, "Ɗauke ni. Ki bari hasken ya faɗo a fuskata sosai. Zan gaya wa mutanen Maraɗi tasu ta fi, mu ma ita za mu koma yi."